Kiɗan da kowa ya sani, makaɗin da ba a ambata

Duk ɗan Nijar da ya girma kusa da akwatin rediyo ko talabijin a shekarun 1980 da 1990 ya san wani kiɗa mai sanyi, marar waƙa, wanda ake sakawa a tsakanin shirye-shirye, kafin labarai ko bayan sanarwa. Ya san shi kamar yadda ya san muryar ladanin unguwarsu. Amma a tsai da mutum goma a tashar mota ta Maraɗi ko ta Damagaram, a tambaye su wa ya kaɗa shi, da wuya a sami biyu da za su ce Mamman Sani Abdulaye. Wannan jahilci ba laifin masu sauraro ba ne, tunda ba a gaya musu ba. Kuma ba ƙaramar magana ba ce kamar yadda wasu za su ɗauka, domin sunan da ba a ambata ba, aljihun mai shi ma ba a tuna shi.

Abin da ya tayar da zancen shi ne sabon tashen da kiɗan na'ura ya yi a duniya, wato irin kiɗan da Turawa ke kira synth-pop. A watan Maris na 2023 ƙungiyar Depeche Mode ta Ingila ta fitar da faifanta na goma sha biyar, Memento Mori, bayan rasuwar ɗaya daga cikinsu, Andy Fletcher, a 2022. Faifai ne mai nauyi, na mutane biyu da suka haura sittin suna duban kabarin abokinsu, kuma ya fi yawancin abin da suka yi a shekaru ashirin da suka gabace shi. A watan Afrilu na 2024 Pet Shop Boys su ma suka fitar da nasu na goma sha biyar, Nonetheless, wanda suka haɗa na'ura da makaɗan goge na Turawa. Yana da daɗin ji, ko da yake ba ya girgiza mutum. Matasa kuwa da ba a haife su ba lokacin da waɗannan dattawa suka fara, sun koma ga tsohon sautin: waƙar Blinding Lights ta mawaƙin Kanada The Weeknd, wadda ta fito a ƙarshen 2019, in aka rufe ido aka saurare ta sai a rantse a 1984 aka yi ta.

Asalin wannan kiɗa sananne ne. Na'urar haɗa sauti ba ta da tsirkiya, ba ta da fata, ba a busa ta: wutar lantarki ce ke kaɗawa a cikinta, makaɗi ya murɗa maɓalli ya siranta sautin ko ya kaurara shi, wata na'urar kuma ta riƙe masa ganga ba gajiya ba kuskure. Ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus ce ta share hanya da faifanta Autobahn a 1974. Da na'urorin suka fara araha sai ƴaƴan ma'aikata a garuruwan masana'antu na Ingila suka rungume su: Human League a Shafil, Depeche Mode a Basildon, Gary Numan a Landan, wanda waƙarsa Cars ta hau kan gaba a 1979. Yawancinsu ba su yi karatun kiɗa ba, ba su kuma da kuɗin ɗaukar makaɗa goma. Na'urar ce ta ba talaka abin da a da sai mai hali.

To, a riƙe shekarar 1978. A cikinta Kraftwerk suka fitar da The Man-Machine. A cikinta Yellow Magic Orchestra ta Japan ta fitar da faifanta na farko. A cikinta kuma, a Yamai, zamanin mulkin Seyni Kunce da kuɗin yuraniyom, Mamman Sani ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na gidan rediyon ƙasa ɗauke da fiyanonsa mai aiki da lantarki, ƙirar kamfanin Orla na Italiya. Malamin makaranta ne wanda daga baya ya yi aiki da UNESCO, kuma a wurin wani taro na wannan hukuma ya sayi fiyanon daga hannun wani wakili ɗan Ruwanda. Ya ɗauki kiɗansa hawa biyu, ya ɗora na biyu a kan na farko. Aka shirya da ma'aikatar al'adu za a fitar da shi a kaset domin a nuna wa duniya kiɗan Nijar na zamani. Shirin ya tsaya a hanya, kamar yadda shirye-shiryen ma'aikatu suka saba, ƴan kaset ƙalilan suka fita, sauran zance ya koma cikin kabad.

Ba za a ce kiɗan Mamman Sani synth-pop ne sak ba, tunda babu mai rera waƙa a kai, kuma ba don filin rawa aka yi shi ba. Ɗan uwansa ne na jini, wanda ya tashi a wani gida. Ya ɗebo karin waƙoƙin gargajiya na ƙasar, har da na Fulani Wodaɓe da na Abzinawa, ya shimfiɗa su a kan fiyano. A Salamatu, wanda ya fi sauran shahara, gangar na'ura tana tafiya a hankali kamar takun raƙumi da yamma, hannun hagu ya riƙe murya guda ya ƙi saki, hannun dama yana kai da komowa a kan ƴan muryoyi kaɗan, har mai sauraro ya manta na'ura ce. Akwai inda hannu ya ɗan yi jinkiri, akwai inda sautin ya dusashe. Waɗannan ƴan tabo su ne shaidar cewa mutum ne a zaune, ba inji kaɗai ba.

Shekara talatin da biyar kiɗan ya yi yana yawo a iska kafin ya sami faifai na kirki. A 2013 wani ƙaramin kamfani na birnin Portland a Amurka, Sahel Sounds, wanda Christopher Kirkley ya kafa, ya sake fitar da shi da sunan La Musique Électronique du Niger, bayan mai kamfanin ya ci karo da tsohon kaset ɗin a Yamai. Taaritt ya biyo baya a 2014, sannan wasu kaɗe-kaɗen na 1981 zuwa 1984 da ba a taɓa fitarwa ba suka fito a 2015. Mamman Sani ya je Turai ya kaɗa a gaban jama'ar da ta sayi tikiti domin ta gan shi. Shin ba abin kunya ba ne a ce sai da baƙo ya taso daga bakin tekun Fasifik kafin a buga sunan mutumin a bangon faifai?

Wani zai ce ai wannan tsohon zance ne, na zamanin jam'iyya ɗaya da kaset. To ga na zamanin wayar hannu. Hama, matashi mai aikin tuƙin mota a Yamai, ya yi ta haɗa kiɗa da ƙaramin fiyanon Yamaha, yana juya karin Abzinawa zuwa sauti mai sauri da walƙiya. Kiɗansa ya bi katin waya daga hannu zuwa hannu, daga fada zuwa fada, ana shan shayi ana jinsa, ba tare da an san mai shi ba. Wannan kamfani dai na Portland shi ya fitar da Torodi a 2015, da Houmeissa a farkon 2019, wanda Hama ya haɗa a kwamfuta. Houmeissa faifai ne mai ƙarfin hali: sautinsa ya fi na Torodi kauri da tsabta, ko da yake wasu kaɗe-kaɗen sun yi kama da juna har kunne ya ƙosa kafin ƙarshe. Duk da haka, wanda ya ji shi ya ji abin da ba Jamus ba Japan da za ta iya ƙerawa, domin bugun da ke ƙarƙashinsa na bikin hamada ne. Haka Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa da duniya ta san shi yau da gita: faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da gangar na'ura da injin lanƙwasa murya irin na mawaƙan finafinan Kano, kuma shi ma ta katin waya ya fara yaɗuwa.

Akwai masu ƙyamar wannan kiɗa baki ɗaya, kuma ba a ce maganarsu ba ta da tushe ba. Suna cewa fiyano ya kashe sana'ar makaɗa. Gaskiya ne cewa bikin da a da ake kiran mai kalangu da ƴan amshinsa, ko mai goge da masu ƙwarya, yau yaro guda da fiyano da lasifika ya ishe shi, kuma ya fi araha ga uban amarya. Tun da finafinan Kano suka koma ga fiyano a shekarun 1990, musamman bayan Sangaya na 1999, kunnen matasan Maraɗi da Damagaram ya saba da kwaikwayon kalangu maimakon kalangun kansa. Kuma kwaikwayon bai kai ba. Kalangu magana yake yi: makaɗi ya matse shi a hammata ya sassauta, sautin ya hau ya sauka yadda harshen Hausa ke hawa da sauka, har mahauci ya ji an kira kirarinsa ya tashi tsaye. Maɓallin fiyano murya guda yake bayarwa, a daskare. Wannan rashi ne na gaske, kuma duk mai musun sa bai taɓa tsayawa kusa da makaɗi ba.

Sai dai wannan kuka ba a nan aka fara shi ba. A 1982 reshen Landan na ƙungiyar makaɗan Ingila ya nemi a hana amfani da na'urar haɗa sauti, saboda tana cinye aikin masu goge da masu busa. Ba a hana ba, kuma masu goge ba su ƙare ba. Ga su nan a faifan Pet Shop Boys na 2024. Abin da ya raya su shi ne makarantu, da ɗakunan ajiya, da dokar da ke sa a biya mai kiɗa duk lokacin da aka saka kiɗansa a rediyo. Mai kalangu da mai fiyano a Nijar ba abokan gaba ba ne. Cuta guda ke cinsu: ana jin su, ba a biyan su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba kuma a rasa dokoki ko ofisoshi ba. An kafa gasar Ɗan Gurmu a Tawa. An buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai a 1989. An yi dokar haƙƙin mallaka a 1993, aka kafa ofishin kula da haƙƙin masu fasaha, BNDA, a 1995, aka sabunta dokar a 2010. A takarda Nijar ba ta bin kowa bashi. Abin da ya rage shi ne aiki, kuma aikin yana hannun rukuni biyu na jama'a waɗanda su ne suka fi karanta wannan jarida.

Na farko ƴan kasuwa. Mai rumfar da ke zuba waƙoƙi a katin waya a kan ƴan dala ba ɓarawo ba ne a idon kansa, mai neman tuwo ne, kuma shi ne ya isar da Hama da Mdou Moctar inda rediyo ba ta isar da su ba. Amma ɗan kasuwar da ba zai yarda a ɗauki buhun albasarsa daga Galmi kyauta ba, ya kamata ya gane cewa kiɗa ma kaya ne da aka yi wa gumi. Ba a nemi ya riƙa lissafin kowace waƙa ba. Kuɗi ƙayyadadde a wata, wanda ƙungiyarsu za ta yi ciniki a kai da ofishin haƙƙin mallaka, ya wadatar, muddin ofishin zai riƙa buga abin da ya tara da wanda ya ba wa, kowa ya gani. Kafin ma a kai ga kuɗi, rubuta sunan makaɗi a kan waƙarsa ba ya cin ko dala. Manyan attajirai kuwa, da ke kashe miliyoyin sefa a bikin ƴaƴansu, babu abin da ya hana ɗayansu ya kafa kamfanin faifai. Wanda ya yi shi a Portland bai fara da jarin da ya kai na mai shago guda a babbar kasuwar Yamai ba.

Na biyu ma'aikatan gwamnati, musamman na ma'aikatar al'adu da na gidan rediyo da talabijin na ƙasa, wanda aka sani da ORTN kafin a mai da shi RTN. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 babu kalmar da ake ji a bakin hukuma kamar diyaucin ƙasa, kuma ana faɗinta a kan yuraniyom da man fetur da sansanonin soja. To, ɗan Nijar da ke son faifan Mamman Sani yau, da dalar Amurka ko yuro zai saye shi. Laifin ba na wanda ya fitar da shi ba ne, shi ya yi abin da masu gida suka bari. In ana son a gyara, hanyar ba ta da tsawo: mai gabatar da shiri ya faɗi sunan mai kiɗa kafin ya saka ko bayan ya saka, gidan ya rubuta abin da ya saka ya biya a kai, gidajen rediyo masu zaman kansu da suka yawaita tun 1994 su ma a bi su da wannan ƙa'ida.

Mafi gaggawa shi ne tsofaffin zaren sauti da aka ɗauka a shekarun 1970 da 1980. Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura; yakan manne, ya yi laushi, sautin ya goge, kuma zafin Yamai a watan Afrilu yana wuce digiri 40. Na Mamman Sani ya tsira ne domin wani ya ci karo da shi a kan lokaci. Aikin juyar da sauran zuwa kwamfuta ba ya bukatar taron ƙasa ko tallafin waje: injin karanta zare mai lafiya, kwamfuta biyu, ɗaki mai sanyi, da ma'aikata uku ko huɗu da za a biya albashinsu a kan kari. Ministan al'adu yana iya sa hannu a kan wannan takarda kafin bazara ta gaba.