Lalle Ya Ishe Mu, A Bar Sibga

Duk wanda ya ratsa kasuwar Gadarif da kaka, sa'ad da aka gama yankan riɗi da dawa, kuɗi suka shigo hannu, bukukuwan aure suka kankama, zai iske garin lalle jibge gaban 'yan koli, har da na birnin Addamar wanda mutanen Sudan suke yabo. Amma a gefensa, cikin ɗan ƙullin leda, zai ga wani baƙin dutse da ake kira sibga, wanda mata suke gaurayawa da lallen domin furfura ta yi baƙi wuluk nan take.

Kakanninmu da suka tako daga ƙasar Hausa da niyyar Hajji, da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi a 1903, da sanin lalle suka zo Sudan, kuma suna da hujja. Ya inganta cewa Sayyidina Abubakar yana rina furfurarsa da lalle da ganyen katam, kuma ranar Fathu Makka, da aka kawo mahaifinsa Abu Ƙuhafa kansa fari fat, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi umarni a sauya launin furfurar, amma a nisanci baƙi. Malamai sun yi saɓani, tsakanin mai karhanta baƙin rini da mai haramtawa, sai dai game da sibga akwai illar da ba ta bukatar dogon bahasi, domin sinadarin da ke cikinta guba ne: a fatar kai yakan jawo ƙaiƙayi da ƙuraje da kumburin fuska, in kuwa yaro ya tsinta ya haɗiye, harshe da maƙogwaro su kumbura har sai likita ya huda wuya kafin a sami numfashi, daga baya kuma ƙoda ta gaza. Asibitocin Hartum da Wad Madani sun daɗe da sanin wannan musiba.

Lalle tsantsa haƙuri kawai yake nema. A tankaɗe garin da lallausar rariya, a kwaɓa da ruwan ɗumi, a rufe shi ya tsumu, a bi gashi tsaga-tsaga har tushe, a ɗaure kai na 'yan sa'o'i. Launin da zai fito ja ne mai kyau, wanda yake ƙara nuna bayan kwana biyu, mai son duhu kuwa sai ta bi da garin baba. Ganyen magarya ya wadatar wajen wanki, man karkar na riɗi da kakin zuma ya tausasa gashin da lalle ya busar.

Ina roƙon masu kitso da masu ƙunshi, waɗanda amanar kan amare take hannunsu, su ƙi karɓar sibga ko da uwar amarya ce ta kawo, limamai kuma su faɗakar a huɗubar Juma'a kafin auren bana ya taso.