Mun Zalunci Yaro Mai Ƙiriniya A Labaranmu



Wannan makon da mu nake, don haka kowa ya gyara zama. Ku ɗauko labaran yara da muke rubutawa, ku duba wanda muke kira yaron kirki. Kullum shi ne mai naɗe hannu, mai zama shiru kamar an dasa shi. Shi kuwa mai hawan bishiya, mai kwance rediyon babansa don ya ga masu magana a ciki, sai mun sa maciji ya sare shi a shafin ƙarshe hankalinmu ke kwanciya. Wallahi wannan zalunci ne, kuma iyaye suna karantawa suna gaskata mu.

Ina da ƙane a nan Rabah. Tun yana aji uku aka yanke masa hukuncin cewa kansa ba ya ja, saboda ba ya iya minti goma a kan benci. Amma yaron nan ya gagari sa'o'insa a dara, wasan da ke da gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, sai ka hango tafiyar abokin karawarka kafin ka jera uku. Da karan dawa yake ƙera mota har da ƙofa mai buɗewa. Ranar da na zana masa haruffa a kan yashi na ce ya bi su da yatsa, nan take ya kama abin da baƙin allo ya kasa sa masa. Wane ne daƙiƙi, shi ko hanyar da aka bi da shi?

A 1907 Maria Montessori ta buɗe makarantarta a birnin Rum, inda yara ke shafa haruffa masu kaushi da yatsa kafin su riƙe alƙalami. Yau makarantun kuɗi na liƙa sunanta a bakin ƙofa suna tsawwala farashi. Alhali a makarantar allo tun kaka da kakanni yaro ke feƙe alƙalaminsa, ya haɗa tawada, ya wanke allo, ya yi karatu yana rangaji. Abin yana gidanmu, mu ne muka raina shi.

Ko Sardauna Ahmadu Bello, ɗan garin nan, wanda ya gama Kwalejin Katsina a 1931, sananne ne da wasan fives, ƙwallon da ake dokawa da tafin hannu a jikin bango, kuma bai bar shi ba har yana Firimiya. Zufa ba ta rage masa ilimi ba.

Na san wani zai ce aikin adabi tarbiyya ce, natsuwa kuma tana cikin tarbiyya. Na yarda. To amma wa ya ce babu natsuwa a langa, inda za ka riƙe ƙafa ɗaya ka bi doka ko ka fita? Yarinyar da ke carafke tana ƙirga duwatsu, tana jiran layinta, tana haƙuri idan ta faɗi. Ban ce a ware yara gida biyu, masu littafi da masu hannu ba. Kowane yaro na buƙatar duka biyun, mu ne muka toshe ƙofa ɗaya.

Ga abin da nake nema. A cikinmu a samu mai rubuta labarin da gwarzonsa yaron fadamar Goronyo ne, wanda ya iya dashen albasa da gyaran injin ban-ruwa kafin ya iya haɗa baƙi. A samu mai zama da tsofaffin Wurno ya rubuta dokokin wasannin dandali kafin su tafi da su kabari. A samu mai littafin da zai ce wa yaro ya ajiye shi a shafi na biyar, ya ɗebo laka ya gina abin da ya karanta, sannan ya dawo.

Ƙanena yanzu yana karatu, amma har yau bai ga kansa a littafin ɗayanmu ba, sai dai a matsayin wanda maciji ya sara. Wanda ke ganin na yi kuskure, ya kawo mini labari ɗaya da ya ƙaryata ni.