Matasa, ku san sojan da ya zama Sarkin Gwandu

Da yawa daga cikinku kun san Alhaji Muhammadu Iliyasu Bashar da rawani da alkyabba ne kawai. To, ku tambayi dattawan Jega, Aliero da Maiyama, za su gaya muku cewa kafin rawanin akwai kaki. Sunansa a gidan soja Muhammadu Jega, kuma sai da ya kai muƙamin Manjo Janar.

A 1976, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Gongola, shi ne gwamnanta na farko, ya riƙe ta har 1978. A Janairun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sake mayar da shi Yola. Gongolar nan ita aka raba a 1991 ta zama Adamawa da Taraba, a shekarar da aka yanko Kebbi daga Sakkwato. A 2005 kuma ya hau gadon sarautar Gwandu.

Me ya sa muka ɗauko wannan tarihi? Saboda tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ba a rasa mai rubuta "soja su dawo kawai" a Facebook ko TikTok. Mun san tsadar rayuwa ce ta kai mutane bango. Amma ku duba da kyau: mulkin Janar Jega na biyu ya ƙare ne a Agustan 1985, lokacin da Babangida ya kifar da Buhari. Babu wanda ya tambayi talakan Yola ra'ayinsa ranar zuwa, babu wanda ya tambaye shi ranar tafiya. Haka mulkin bindiga yake. Gwamnan farar hula kuwa, ko ya ɓata muku rai, kuna da ƙuri'a, kuna da bakin magana.

Inda ake buƙatar soja a yau shi ne daji da bakin iyaka. Ba mu manta da harin da Lakurawa suka kai garin Mera na ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024 ba. Wa zai tare irin wannan idan ba 'ya'yan yankin da suka san ƙasar ba?

Don haka in kaki na burge ka, kai ko ke, ga hanya: NDA a Kaduna ga mai son zama hafsa, Defot na Zariya ga kurata. Ku riƙe karatu, ku cike fom ta shafin rundunar soja na gaskiya. Duk wanda ya ce ku turo kuɗi zai sama muku gurbi, ɗan damfara ne.

Sannan don Allah ku daina yaɗa hotunan gawar sojoji don neman mabiya. Kowannensu yana da uwa, kuma ita ma tana riƙe da waya.