Wanda Ya Raina Keke Zai Biya a Tagar Magani

Akwai wani magani a gidaje da yawa na Kausani da ƙauyukan Wudil wanda ba a sayar da shi a kemis, ba a kuma auna shi da cokali. An jingine shi a zaure ko a bayan rumbu, iskar tayarsa ta sace, sarƙarsa ta yi tsatsa, kaji suna kwana a kan kariyarsa. Keke nake nufi. Hujjata a wannan rubutu ɗaya ce: ranar da muka mai da hawan keke abin kunya, ranar muka fara tara bashin da yanzu muke biya wata-wata da kuɗin maganin hawan jini da na ciwon suga. Aikina shi ne haɗa magani da ba da shi a asibiti, kuma daga bakin mai ba da ƙwaya kake jin cewa ƙwaya ba za ta yi maka aikin ƙafafunka ba.

A zamanin iyayenmu, mai keke Raleigh mutum ne da ake lissafi da shi. Malamin makaranta da malamin gona da ɗan kasuwar da ke sammakon cin kasuwar Juma'a ta Wudil, duk a kan dokin ƙarfe suke. Sai baburan Sin masu araha suka shigo, acaɓa ta bazu, aka wayi gari magidanci ba ya zuwa shagon bakin layi sai ya ta da inji. Yau idan aka ga mutum mai rufin asiri a kan keke, sai a fara raɗa: ko dai arziki ya karye? Wannan raɗar ce cutar da nake yaƙi da ita, domin ita ta sauke mutane daga sirdi tun kafin tsufa ya sauke su.

Za ka ce ai mu manoma ne, wahalar gona ta ishe mu motsa jiki. Gaskiya ne ga wanda ke riƙe da fartanya tun daga shuka har girbi. To, mai shago fa, da tela, da malami, da direba, da ma'aikacin ofis? Shi kansa manomin, me yake yi da jikinsa a watannin rani idan ba ya noman ban-ruwa? Zama ya ƙaru, cimar ma ta sauya: shinkafa da taliya da burodi da lemon kwalba, ga gishiri da ɗanɗanon dunƙule a kowace tukunya. Tumbi ya fito, muna kiransa alamar hutu. Ganin kitse ake yi wa rogo.

Ga yadda abin yake a jiki. Tsokokin cinya da na ɗuwawu su ne mafi girma a jikin ɗan Adam. Idan suna aiki, sukan zuƙe suga daga jini su ƙone shi, kuma bayan an sauka daga keke jiki yakan ci gaba da jin maganar insulin har kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa hawan yau da kullum ya fi wahalar rana guda a wata. Hanyoyin jini kuma sukan saki, zuciya ta ƙara ƙarfi, lambar sama ta awon jini ga mai hawan jini ta sauka da kamar maki 5 zuwa 8. Keke yana da wata falala da gudu ba shi da ita: sirdi ne ke ɗauke da nauyinka, don haka mai ƙiba da mai ciwon gwiwa suna iya hawansa ba tare da sun daka gaɓoɓinsu ba.

Wannan ba zance ne na fatar baki ba. A shekarar 2002 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka kan mutum fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka ba ƙwayar metfomin, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 31 cikin ɗari. Waɗanda aka sa su gyara cima, su rage ƙiba, su motsa jiki na minti 150 a mako, nasu ya ragu da kashi 58. A 2017 kuma masana na Jami'ar Glasgow suka bi diddigin ma'aikata fiye da 260,000 a Birtaniya, suka tarar masu zuwa aiki a kan keke haɗarin mutuwarsu a tsawon binciken ya gaza na masu zuwa a mota da kashi 41 cikin ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi da ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Rabin sa'a a kan keke, kwana biyar a mako, ya cika ƙaramin ma'aunin.

Yanzu mu ɗauki uzurorin da ake kawowa ɗaya bayan ɗaya. Na farko, wai keke na talaka ne. Je ka Ostareliya, ƙasar da samun mota ba abin labari ba ne. A can likitoci da lauyoyi ne ke tashi da asuba ranar hutu su yi tafiyar kilomita masu yawa a kan kwalta, wasu kuma su hau duwatsu da keken daji, kuma keken wasunsu ya fi sabon babur tsada. Tun 1999 birnin Adelaide ke karɓar gasar Tour Down Under a watan Janairu. Ɗan ƙasarsu Cadel Evans, wanda ya fara da tseren keken duwatsu, ya ci gasar Tour de France a 2011 yana da shekara 34. A Holan, Mark Rutte yana firaminista yana zuwa ofis a kan keke. Idan ka ce wannan harkar Turawa ce, to Burkina Faso tana gudanar da gasar Tour du Faso tun 1987, kuma Biniam Girmay ɗan Eritriya ya ci zango uku a Tour de France ta 2024. Mu kuwa, a shekarar 2024, 'yar tserenmu Ese Ukpeseraye sai da tawagar Jamus ta ara mata keke kafin ta shiga wani tsere a gasar Olamfik ta birnin Faris. Mai kuɗin duniya yana sayen gumi da kuɗinsa, mu muna gudun gumin da muke da shi kyauta, alhali tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowane magidanci ya san abin da tankin babur ke ci.

Na biyu, wanda ba a faɗa sai a majalisa: wai keke yana rage ƙarfin namiji. Abin da ke gaskiya a ciki kaɗan ne. Siririn sirdi mai tauri, idan aka shafe sa'o'i masu yawa a kansa, yana iya danne jijiyoyi ya kawo dindiris, kuma maganin wannan shi ne faffaɗan sirdi da aka daidaita tsayinsa, da miƙewa a kan feda lokaci-lokaci. Manyan masu kashe ƙarfin namiji su ne ciwon suga da hawan jini da ƙiba da taba, domin su ke lalata ƙananan hanyoyin jini. Mutum ya guji keke don kare mazantaka, ya zauna tumbi ya danne shi, sannan ya koma sayen haɗin mai lasifika a kasuwa wanda ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago.

Na uku, haɗarin hanya, kuma wannan uzuri yana da nauyi. Babban titin Kano zuwa Maiduguri da ya ratsa Wudil ba wurin koyon keke ba ne, musamman ranar kasuwa da manyan motocin shanu suka cika shi. Ojo Maduekwe, ministan sufuri da ya yi kamfen ɗin hawan keke a 2001, shi kansa mota ta ture shi a Abuja. Amma abin da wannan ke nunawa shi ne a gyara hanya a kuma kare kai. Jihar Victoria ta Ostareliya ta wajabta wa masu keke sa hular kwano tun 1990, sauran ƙasar ta bi sahu cikin shekara biyu. Kai kuma da ke Kausani kana da abin da ɗan birni ba shi da shi: hanyoyin gona da burtali waɗanda tirela ba ta bi. Ka gyara birki, ka sa fitila da abin ƙyalli a baya, ka sa tufa mai haske da magariba, ka naɗe bakin wando ko riga kada sarƙa ta kama.

Akwai kuma wata ɓarna da ta fi zaman banza muni, wato neman ƙarfi a cikin ƙwaya. Matasa masu aikin ƙarfi, daga ɗan acaɓa zuwa mai ɗaukar kaya da mai yin bulo, da yawa sun yarda cewa tiramol ko shayin gadagi ne ke ba su juriya. Binciken ƙasa na 2018 da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 a Najeriya na shan irin su tiramol da kodin ba bisa umarnin likita ba. Tiramol maganin ciwo ne, ba ya ƙara wa tsoka ƙarfi ko kaɗan. Abin da yake yi shi ne rufe bakin jiki kada ya yi ƙarar gajiya, sannan ya kawo jiri da gyangyaɗi da jijjiga irin ta farfaɗiya, ya kuma kama mutum har ya kasa rabuwa da shi. Hukumar NAFDAC ta amince da mai miligiram 50 da 100 ne, amma mai 225 ake sayarwa a ɓoye.

'Yan tseren keke na duniya sun riga mu bin wannan hanya, sun kuma ga ƙarshenta. Ranar 13 ga Yulin 1967, Tom Simpson ɗan Ingila ya faɗi ya mutu a kan dutsen Ventoux yana tsakiyar Tour de France, cikin tsananin zafi, yana da shekara 29, aka kuma sami ƙwayar amfetamin da barasa a jikinsa. Lance Armstrong na Amurka ya ci gasar sau bakwai daga 1999 zuwa 2005, aka ƙwace duka a 2012, kuma cikin abubuwan da ya yi amfani da su har da allurar EPO, wadda mu a asibiti masu ciwon ƙoda muke ba don ƙarancin jini, wadda kuma ke kaurara jinin mai lafiya har ya iya daskarewa. Hukumar tseren keke ta duniya ta haramta tiramol a lokacin gasa tun watan Maris na 2019, aka kuma soke sakamakon Nairo Quintana ɗan Kolombiya na gasar 2022 a kansa. Idan mutanen da ke da likitoci na musamman suka ga ƙwayar nan haɗari ce ga mai riƙe da kan keke, me za a ce da yaron da ya haɗiye ta ya goya mace da jariri a babur?

Idan ka yanke shawarar sauko da keken nan daga zaure, ga sharuɗɗa. Kada ka daina maganin da likita ya ɗora ka a kai don ka fara motsa jiki. Likita ne zai rage shi idan awo ya nuna. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon zuciya, ya je a auna shi tukuna. Ka fara da minti goma, ka riƙa ƙarawa mako-mako, da saurin da za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Sannu ba ta hana zuwa. Ka hau da sanyin safiya ko bayan la'asar, ka guji tsakar rana a watannin bazara, ka riƙe gorar ruwa, musamman idan kana shan ƙwayar da ke sa yawan fitsari. Mai allurar insulin ko mai shan gilibenkilamid kada ya hau da yunwa, ya sa dabino ko ƙwayar suga a aljihu, domin rawar jiki da gumi mai sanyi da duhun ido alamun faɗuwar suga ne. Kada ka mai da dikilofenak ko ibufurofen abincin kullum don ciwon cinya, domin idan suka haɗu da zafi da ƙishirwa ƙoda suke ci. Ciwon ƙirji, ko numfashi ya sarƙe, ko jiri, to a sauka a nufi asibiti nan take.

Uwargida ma jikinta jiki ne, kuma ciwon suga ba ya tambayar ko mace ce. Inda al'ada ba ta ba ta damar hawa a waje ba, akwai keken motsa jiki na tsaye da ake kafawa a tsakar gida, akwai kuma tafiya da sauri zuwa unguwa maimakon tsayar da Adaidaita Sahu. Yaran da makaranta ta yi wa nisa, maza da mata, keke zai kai su kan lokaci ya kuma gina musu zuciya tun da ƙuruciya.

Saura manyan gari. Raɗar da ta sauke mutane daga keke ba za ta mutu ba sai an ga waɗanda ba a zargi da talauci a kansa: shugaban makaranta, da ɗan kasuwa, da ma'aikacin lafiya, da malaman jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil. Ƙaramar hukuma kuma ta tanadi wurin ajiye kekuna a kasuwa da asibiti da makarantu, ta matsa a sa alamun rage gudu a inda babban titi ya ratsa gari. Kai kuwa, mai karatu, lissafin a hannunka yake. Ka tambayi mai faci nawa ne gyaran taya da man sarƙa, ka tambayi dangin mai wankin ƙoda nawa suke kashewa a mako, sannan ka zaɓi wanda za ka ji kunyarsa.