Wa Ke Korar Mai Fassara Daga Sana'arsa?

Duk wanda ya zauna a unguwar Briqueterie ta birnin Yawunde ya san mutumin da ake cigiya idan takarda ta zo daga ofishin haraji, ko aka kwantar da tsohuwa a asibiti, ko ɗan kasuwa zai sa hannu a yarjejeniyar haya. Shi ne wanda ya ji Faransanci, ya taɓa Ingilishi, kuma Hausa da Fulatanci suka zauna a bakinsa. Ba ma'aikacin kowa ba ne. Yau yana fassara takarda, gobe yana tafinta, jibi yana zaman jiran aiki. A 'yan shekarun nan ana yawan tambayar irinsa: za ka ci gaba, ko za ka bari? Masu tambayar sun riga sun tanadi amsa, wai na'ura ta ƙwace sana'ar, mai hankali sai ya kama wata. Ni ban yarda da wannan hukunci ba, kuma ga dalilaina.

Ba na musun cewa na'ura ta yi ɓarna. A shekarar 2024 ƙungiyar marubuta ta Birtaniya ta tambayi 'ya'yanta, sai fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu fassarar da suka amsa suka ce sun riga sun rasa ayyuka saboda ƙirƙirarriyar basira. A Kamaru ma abin ba zai wuce ba tare da taɓa kowa ba. Tun haɗewar 1961 ƙasar ke tafiya da harsunan hukuma biyu, Faransanci da Ingilishi, har aka kafa makarantar ASTI a Buea a 1985 don horar da masu fassara da tafintoci. To, waɗannan harsuna biyu su ne na'ura ta fi ƙwarewa a kansu, domin rubutunsu ya cika intanet. Wanda abincinsa ya dogara da su kaɗai yana da hujjar fargaba.

Amma mai fassarar Hausa fa? Manhajar Google Translate ta saka Hausa tun Disamban 2013. An fi shekara goma ke nan, kuma har yau mai hankali ba ya miƙa mata maganar da rai ko dukiya suka rataya a kanta. Ɗalibi ya duba waɗannan misalai uku. Likita ya rubuta a sha magani "à jeun", wato kafin a ci komai da safe. Fassarar kalma da kalma tana iya kai mutum ga "azumi", sai majinyaci ya wuni da yunwa. Uwa ta ce "shawara ce ke damun yaron". Wanda bai san Hausar gida ba zai ɗauka maganar nasiha ake, alhali ciwon da ke mai da ido rawaya take nufi. Aka tambayi dattijo yaya jiki, ya ce "da sauƙi". Tafinta na gari ya san wannan ladabi ne da tawakkali, sai ya sake tambaya kafin ya gaya wa likita an samu lafiya. A irin waɗannan wurare kuskure ɗaya ya isa ya kai mutum kushewa.

Idan haka ne, me ke sa masu fassararmu ke ajiye alƙalami su koma ɗinki, ko acaɓa, ko sayar da kilishi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abu na farko, mu ne. Mun ɗauki fassara tamkar taimakon maƙwabtaka. Tela ya ɗinka riga a biya shi, makaniki ya ɗaure noti a biya shi, amma wanda ya bar harkarsa ya wuni a layin asibiti yana tafinta sai a sallame shi da "Allah ya saka da alheri". Addu'a abar so ce, sai dai mai gidan haya ba ya karɓarta a ƙarshen wata.

Abu na biyu, masu ba da aiki. Sabuwar dabararsu ita ce su zuba rubutu a na'ura, su turo abin da ta amayo, su ce "ɗan gyara kawai za ka yi", su zabtare lada. Na taɓa karɓar irin wannan aiki daga wata ƙungiya, takardar wayar da kai ce kan rigakafi. Ban kai shafi na biyu ba na gane cewa warware jagwalgwalon ya fi sabuwar fassara cin lokaci. Na sake aikin tun daga farko, aka biya ni ladan mai gyara. Araha ba ta ado, amma wanda ya ba da aikin ba ya jin Hausa, don haka bai san abin da ya kusa rabawa jama'a ba.

Abu na uku, maganar nan mai guba: "ai kowa na jin Hausa". Jin harshe daban, iya fassara daban. Da kowa zai iya, da ba a kafa Hukumar Fassara a Arewacin Nijeriya wajen 1930 ba, wadda ta zauna a Zariya ƙarƙashin Rupert East. A can Abubakar Imam ya ɗebo labaran Larabawa da na Indiya da na Turai ya saka musu rigar Hausa a Magana Jari Ce, har mai karatu ya manta baƙi ne. Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, yawancin kalmomin siyasa da kimiyya da muke furtawa ba tare da tunani ba, wani mai fassara ne ya yi gumi kafin ya samo su. Na'urar da ake yi mana barazana da ita ma daga rubutun irin waɗannan mutane ta koyi ɗan abin da ta iya. Idan suka watse, daga ina za ta ƙaro?

Saboda haka ina ganin tambayar tun asali a karkace take. Waɗanda na sani cikin masu wannan sana'a suna son ta; abin da ba su so shi ne yunwa. Tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya ɗora wa hukuma kare harsunan ƙasa da bunƙasa su, kuma a ganina babu karewar da ta wuce a tanadi tafinta mai lada a asibiti da kotu. Kafin hakan ta samu, akwai abin da ke hannunmu. Masu fassarar unguwa su haɗa kai su tsayar da farashi na shafi da na wuni, kada wani ya karya ɗan'uwansa. Su yi amfani da na'ura inda take da amfani, su ƙi karɓar ladan gyara a kan aikin da sai an sake shi. Su ajiye kundin kalmomin lafiya da shari'a da kasuwanci, su koyar da na baya.

Ku kuma ɗaliban Hausa, kada wani ya razana ku cewa kun zaɓi karatun da ba shi da kasuwa. Ku ƙware a harshe na biyu kamar yadda kuke ƙwarewa a nahawu, ku zaɓi fanni guda ku san shi ciki da bai, ku koyi faɗin farashinku ba tare da sunkuyar da kai ba. Ranar da mahaifiyar wani za ta tsaya gaban likita a Yawunde ba ta jin abin da yake faɗa, wani daga cikinku ake bukata a gefenta, kuma ya cancanci a biya shi.