Tambari Ba Ya Riƙe Wuta

Dillalan tsofaffin kwalaben daidaita lantarki sun mayar da tambarin RCA ko Mullard tamkar laya, suna tsawwala farashi wai don yana gyara sauti. Wannan yaudara ce. Aikin 0A2 shi ne riƙe volt 150, na 0B2 kuwa 108, muddin wutar da ke ratsa su tana tsakanin miliyamfa 5 da 30. SG1P ta Tarayyar Sobiyet ma aikin 0A2 take yi. Daɗewa a kwali kuma ba shaidar lafiya ba ce: kwalba na iya ƙin kamawa, wuta ta haura, ta yi wa amfilifaya ɓarna. Mai saye ya nemi sakamakon awo. Dillalin da ya kasa kawo shi, kwali yake sayarwa.