Mun Sayi Rigar Manya, Mun Bar Ƙungiyar Gida

A gidajen kallon ƙwallo na Tanut da Balbeji, riguna biyar ne suke cika benci ranar Asabar da Lahadi: Chelsea, Arsenal, Manchester United, Liverpool, sai Manchester City wadda ta tara mabiya tun da kuɗin Abu Dhabi suka shige ta a 2008. Da wuya ka ga rigar Brentford ko ta Brighton. In ƙaramar ƙungiya ta kayar da babba, ana shewa har rumfa ta ɗauka, amma ba don ƙaunar ƙaramar ba. Murna ake yi abokin adawa ya sha kashi, an samu abin yi masa tsiya a fada wajen shan shayi.

Abin yana ɗaure mini kai, domin in akwai waɗanda ya kamata su san zafin zama ƙarami a gaban manya, to mu ne ƴan Damargu.

Kowa ya san labarin Leicester, ko dai ya san rabinsa. A kakar 2014/15 ta daɗe a can ƙasan teburi, sai a wasanni tara na ƙarshe ta ci bakwai ta tsira da ƙyar. Shekara ta zagayo, ga ta da kofin Firimiya a hannun Claudio Ranieri: maki 81, ta ba Arsenal tazarar maki 10, sau uku kacal aka doke ta. Jamie Vardy da ya ci mata ƙwallo 24, ma'aikacin masana'anta ne a da, yana buga wa ƙungiyar ƙauye, kafin a sayo shi daga Fleetwood a 2012 kan fam miliyan 1. Riyad Mahrez daga Le Havre aka ɗauko shi, a rukuni na biyu na Faransa, kan kuɗin da bai kai rabin miliyan ba. N'Golo Kanté, ɗan mutanen Mali mazauna Faransa, yana Caen babu wanda ya damu da shi. Leicester ta je ta duba inda manya suka raina, ta tsinto mutanenta, ta haɗa su suka zama tsintsiya.

Amma abin da ya fi zama a bakin samarinmu shi ne wancan lissafi na ƴan caca, cewa wanda ya zuba fam 1 a kan Leicester ya kwashi 5,000. Da wannan ake yaudarar yaro ya zuba kuɗin cefanen gidansu ta wayar salula yana jiran tasa sa'ar. Caca haramun ce, kuma mai gidan caca bai taɓa buɗe shago don ya yi asara ba. Aiki ne ya kai Leicester inda ta kai, masu caca kallo kawai suka yi.

Ga sauran rabin labarin da ba a cika faɗa ba. Kofi bai gama hucewa ba Chelsea ta zo ta ɗauke Kanté, ta kuma ci gasar da shi a 2017. Ranieri kansa an sallame shi a Fabrairun 2017, wata tara bayan bikin. Manchester City ta saye Mahrez a 2018 kan fam miliyan 60. Leicester ta yi ta fafutuka, har ta doke Chelsea ta ɗauki kofin FA a 2021, amma a 2023 ta faɗi daga Firimiya. Brighton ta samo Moisés Caicedo daga Ikwado da araha, Chelsea ta karɓe shi kan fam miliyan 115. Eberechi Eze ya ci ƙwallon da Crystal Palace ta doke Manchester City da ita ta ɗauki kofin FA a watan Mayun 2025, babban kofinta na farko a tarihi. Kafin watan Agusta ya ƙare yana sanye da rigar Arsenal. Manomin Damargu ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. Shi ke noma hatsi, da kaka ƴan kasuwa su loda shi a arha zuwa Damagaram da Agadas, da bazara ya koma sayen tiya da tsada.

To me ke riƙe ƙananan nan ba su mutu ba? Mutanen garinsu. Wanda aka haifa a Leicester ko Nottingham yana bin ƙungiyar garinsu ko tana sama ko tana ƙasa, kamar yadda ubansa ya bi ta. Da manyan ƙungiyoyi shida na Ingila suka ƙulla shiga wata gasar Turai ta ƴan gata a Afrilun 2021, wadda ba a faɗuwa daga cikinta, magoya baya ne suka fito titi, har da na manyan, cikin kwana biyu maganar ta rushe. Wannan ɗabi'a ce ba mu ɗauko ba. Mun ɗauko riga da gardama, mun zama ƴan a bi yarima a sha kiɗa.

A nan gida ma manya suna nan. Gasar ƙasarmu kusan kullum a hannun ƙungiyoyin Yamai take, irin su Sahel da Olympic, da na soja da na duwan masu hukuma a bayansu. Espoir ta Damagaram da Ɗan Kasawa ta Maraɗi da Akokana ta Arlit su ke fama daga nesa. Kuma mun ga ƙarami ya yi abin mamaki da idonmu: Mena, ƙungiyar ƙasarmu, ta doke Masar 1-0 a Yamai a 2010 da ƙwallon Musa Ma'azu, ta wuce Afirka ta Kudu, ta je gasar Afirka ta 2012 karo na farko a ƙarƙashin Haruna Dula. Yaran da suka yi wannan a filayen ƙura suka koyi ƙwallo, irin wanda ke bayan gidan kowannenmu.

Ban ce kowa ya cire rigarsa ba. Kallon Firimiya nishaɗi ne, ba laifi. Kirana ga magadan gari da sarakuna da attajiran Tanut, Gangara, Olelewa, Falanko, Tanhiya da Tarka shi ne a gyara fili, a sa kofi tsakanin garuruwan nan duk bayan girbi, a nemi hannun matatar SORAZ da ke ƙasarmu ta Bakin Birji. Ku kuma samari, kuɗin da kuke zubawa a caca mako guda ku haɗa ku saya wa ƙungiyar unguwarku ƙwallo da raga, ranar wasanta kuma ku je ku cika bakin fili.